Akwatin wutar haidirojin: ana jona shi da inbata kamar yadda ake jona janareta?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. A yi haƙuri da tsawon tambayar. Wani kwastomana mai ɗakin sanyi na kifi da kaji ya turo mini bidiyon wani akwati mai girman firji kwance, wai da iskar haidirojin yake ba da wuta, babu hayaƙi, babu ƙara, ruwa kawai yake ɗigarwa. Kuɗin dizal ya isa mutumin nan. Ni na haɗa masa sola da inbata shekara biyu da suka wuce, to yanzu cewa ya yi idan ya sa an kawo masa akwatin daga waje, zan iya jona masa a wurin da janareta yake? Na ce ya ba ni kwana biyu. Gaskiya ban san ta inda ake kama abin ba. Wanda ya sani ya taimaka.

Oga Garba Mai Janareta:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, ce masa ya je ya yi wa janaretansa sabis. Shekarata talatin da 'yan kai ina kwance inji ina ɗaurawa, ban taɓa ganin abin da ke ba da wuta ba tare da wani abu ya juya ba, in ka cire batir da farantin sola. Bidiyon intanet ai har mota mai tafiya da ruwan rijiya sun nuna mana.

Maman Sadik:
Baba Garba, da girmanka, wannan karon ba tatsuniya ba ce, kuma da bakinka ka ba da amsar: dangin batir ne. Bambancin kawai shi ne batir abincinsa yana cikinsa, in ya ƙare sai caji. Wannan kuwa daga waje ake ɗura masa abinci, muddin iskar tana shiga, wuta tana fita. Sunansa fiyul sel. Wani Bature ɗan Birtaniya, William Grove, ya nuna dabarar tun 1839, kuma da irinsa kumbunan Apollo na Amurka suka samu wuta a tafiyar zuwa wata, har 'yan sama jannatin suna shan ruwan da yake fitarwa.

Ga yadda nake yi wa ɗalibaina bayani. Ka ɗauki ɗaki biyu da aka raba da wani tantani siriri kamar ledar burodi. Ɗaki ɗaya ana turo masa haidirojin, ɗayan kuma iskar da muke shaƙa. A fuskokin tantanin biyu an shafa garin filatinam. Da haidirojin ya taɓa filatinam sai ya rabu gida biyu, wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira furoton da ilektoron. Tantanin yana barin furoton ya ratsa, amma ilektoron ba ya samun hanya, dole ya zaga ta waya. Zagayen nan da yake yi shi ne wutar da kake kunna fanka da ita. Idan ya isa ɗaya ɗakin sai ya tarar da furoton da oksijin, su haɗu su zama ruwa. Babu ƙonewa ko kaɗan, shi ya sa babu hayaƙi.

Oga Garba Mai Janareta:
To Malama, ledar burodi ce za ta ja ɗakin sanyi?

Maman Sadik:
Guda ɗaya ba za ta ja ko rediyo ba. A lissafi, ƙwaya ɗaya bolt 1.23 ce iyakarta, idan kuma tana ɗauke da lodi sai ta sauko wajen 0.6 zuwa 0.7. Shi ya sa ake jera su ɗaruruwa, bayan wannan a gaban wancan, kamar yankakken burodi, a matse da ƙarfe. Motar Toyota Mirai ta farko da ta fito a 2014 ƙwaya 370 ke cikinta, ta biyu ta 2020 kuma 330, tana ba da kilowat 128. Ka ga ai ta wuce ɗakin sanyi. Maganar jonawa kuma ba fagena ba ne, na bar wa masu sukuddireba.

Injiniya Na-Jamus:
Salamu alaikum. Yanzu na taso daga aiki na tarar an taɓo inda nake cin abinci. Gyaran motocin bas masu irin wannan akwatin nake yi a nan, don haka bari in faɗi abin da hannuna ya taɓa.

Baban Ummi, amsa a gajarce: a'a, ba ya zama a gurbin janareta kai tsaye. Janareta wutar AC yake bayarwa, irin ta NEPA, bolt 230, ka kai waya kan canji ka huta. Akwatin nan DC yake bayarwa, irin ta batir, kuma DC ɗin da ba ta tsayawa wuri ɗaya. Idan babu lodi bolt ɗin yana sama, kana ƙara lodi yana zubewa, har ya kusa rabin inda ya fara. Babu inbatar da za ta ji daɗin wannan rawar in ba an sa mata mai daidaitawa a tsakani ba.

Jerin ƙwayoyin da Malama ta yi bayani shi ne zuciyar, amma zuciya ba ta rayuwa ita kaɗai. Abin da ya sa ake sayar da shi a matsayin akwati guda shi ne an riga an haɗa masa huhu da jijiyoyi a ciki: kwamfiresa mai tura iska, na'urar jiƙa iskar don kada tantanin ya bushe, famfon da ke mayar da ragowar haidirojin ya sake zagayawa, bawul mai tofar da ruwa da gurɓatacciyar iska lokaci-lokaci, famfon ruwan sanyaya, sai kwamfutar da ke lura da su duka. Kai aikinka yana waje, a bakunan da aka bar maka. Bakin haidirojin, wanda ke zuwa daga tukunya ta regileta, don a tukunya matsinsa ɗaruruwan "ba" ne (ma'aunin matsin iska ke nan), a bakin akwati kuwa kaɗan ake so. Bakin shigar iska, da matata a gabansa. Salansa, inda tururi da ruwa ke fita. Tiyo biyu na ruwan sanyaya, shiga da fita, zuwa lagireto wanda galibi kai za ka tanada. Manyan wayoyi biyu na DC. Ƙaramar wuta ta bolt 12 ko 24 da za ta tashi kwamfutar da bawuloli. Sai siririyar wayar magana, wadda ake kira CAN, irin ta cikin motocin zamani.

Wannan ta ƙarshen ita ke ba mutane mamaki. Akwatin ba shi da makulli da za ka murɗa. Sai wata na'ura ta aika masa saƙo ta wayar nan cewa tashi, ina son kilowat kaza. Shi kuma ya amsa: ga zafina, ga abin da zan iya bayarwa yanzu, ga laifin da na gani. In babu mai yi masa magana da harshen da yake ji, haka zai zauna yana kallonka.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Amma tsaya, ka ce sai an ba shi wuta kafin ya ba da wuta?

Injiniya Na-Jamus:
Ƙwarai. Ai janaretan Baba Garba ma sai da batir yake tashi. Sai dai a nan batir ba na tayarwa kaɗai ba ne, abokin zama ne har abada. Dalili: ɗakin sanyin kwastomanka, lokacin da kwamfiresansa zai tashi, yakan fizgi wuta ninki da yawa na abin da yake ci a tafiya, cikin ƙiftawar ido. Fiyul sel ba ya iya wannan zabura, domin kafin ya ƙara wuta sai mai tura iskarsa ya ƙara gudu, wannan kuma yana ɗaukar daƙiƙu. Idan ka fizge shi alhali iska ba ta iso ba, ƙwayoyin suna shaƙewa, kuma kowace shaƙewa tana rage musu kwana. Saboda haka tsarin shi ne: akwati, sai mai daidaita DC, sai layin da batir yake kai, sai inbata, sai kaya. Batir ya sha fizga, akwati ya riƙa bin baya a natse yana cika shi. Duk motar haidirojin da ka gani, da bas, da jirgin ƙasan Coradia iLint na kamfanin Alstom da ya fara ɗaukar fasinja a nan Jamus a 2018, kowannensu da batir a ciki.

Sola Masta:
Ni fa ina ganin ana tsawaita abin. Ai inbatocin da muke sakawa yanzu suna da bakin sola mai MPPT, na'urar nan mai tatso wutar faranti, wasu suna karɓar daga bolt 120 har 450. Farantin sola ma ai DC ce mai hawa da sauka. Ka kawo wayoyi biyun ka zura a bakin sola, inbata ta yi sauran aikin. Me ya yi zafi?

Injiniya Na-Jamus:
Ɗan'uwa, na san za a zo nan. A takarda kamar zai yi, kuma akwai masu gwadawa da ƙananan jeri. Amma ka tuna halin MPPT: aikinsa shi ne ya matse faranti har sai ya tatso iyakar abin da ke ciki, yana yi yana lalube sama da ƙasa. Faranti ba ya jin ciwo. Fiyul sel kuwa wurin da yake ba da iyakar ƙarfinsa shi ne wurin da bolt ɗin kowace ƙwaya ya faɗi ƙasa sosai, zafi ya yi yawa, haidirojin yana tafiya a banza. Ba a son a zaunar da shi a can. Kamar ka samu jaki mai ƙarfi ne ka ce kullum sai an ɗora masa kayan da ƙafarsa ke rawa.

Na biyu, wa zai gaya wa akwatin cewa ga lodi yana zuwa? Inbatarka ba ta jin harshensa. Na uku, ba a yarda wuta ta komo cikin jerin ta baya ba, sai an tare ta. Na huɗu, idan akwatin ya ga matsala yana so a sauke masa lodi nan take, kafin ya buɗe manyan makunnansa. Mai daidaita DC da aka yi domin wannan aiki yana yin duk waɗannan: kwamfuta ce ke ce masa ja amfiya kaza, kada ka wuce, kuma ka hau a hankali.

Sola Masta:
To ai ana iya rage amfiyar caji a saitin inbata.

Injiniya Na-Jamus:
Ana iyawa, kuma da haka ka toshe rami ɗaya cikin huɗu. Idan kayan gwaji ne na ɗaki, na wat ɗari biyu ko uku, bismillah, ka koya. Amma kayan miliyoyin wani bawan Allah, da kifinsa a ciki, ni dai ba da hannuna ba.

Sola Masta:
Ban gamsu duka ba, amma na ji ta wayar magana. Wannan ban yi tunaninta ba.

Baban Ummi:
Wato kowane akwati da irin bolt ɗinsa ke nan?

Injiniya Na-Jamus:
Haka ne, kuma nan ne ake fara duba takarda kafin a duba farashi. Misali, a 2021 Toyota ta sanar da akwatinta na sayarwa ga masu ƙera bas, manyan motoci, jiragen ruwa da janaretoci: kilowat 60 ko 80, a tsaye ko a kwance, yana fitar da bolt 400 zuwa 750 saboda an saka masa mai ɗaga bolt a ciki. Irin wannan ba ya shiga tsarin bolt 48 da kuke haɗawa a gidaje, kuma DC mai wannan ƙarfi ba ta gargaɗi, shi ya sa ake saka na'urar da ke lura ko wuta ta fara zurarewa zuwa jikin ƙarfe. A ɗaya gefen akwai ƙanana, daga kilowat ɗaya zuwa biyar, da yawansu fanka ce ke sanyaya su ba ruwa ba, an yi su ne su ba da bolt 48. Waɗannan su ne suka fi kusa da duniyarku.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da hira. Ni aikin eriyar tarho nike, nan wajenmu. Abin da Injiniya ya faɗa na bolt 48 gaskiya ne, duk kayan eriya da 48 DC suke aiki, shi ya sa a wasu ƙasashe ake aje ƙaramin fiyul sel gefen batura, in kuran ya ɗauke batura suka fara sauka sai ya tashi da kansa ya riƙe layin. Ba inbata ma a tsakani. Mun taɓa zama da wasu masu kawo kaya a kan wannan, abin ya ba ni sha'awa sosai, don wahalar kai gazuwal, dizal ke nan, cikin daji da satar da ake yi mai ta ishe mu. Amma tambaya guda na yi musu taron ya mutu: wa zai kawo mini butelin haidirojin a ƙauyen da mota ke kwana biyu kafin ta kai? Har yau ina jiran amsa.

Oga Garba Mai Janareta:
Yawwa! Allah ya yi maka albarka ɗan Nijar. Tun ɗazu ake ta zuba Turanci, ba wanda ya ce ga gidan man. Baban Ummi, a Kano ina ake sayar da haidirojin ɗin? Kofar Ruwa ko Sabon Gari?

Maman Sadik:
A nan kam Baba Garba ya kama gaskiya, kuma bari in sa lissafi don kada ya zama gardamar baka. Kilo ɗaya na haidirojin yana ɗauke da makamashi kilowat-awa 33. Akwatin yana mayar da wajen rabinsa wuta, sauran ya tafi a zafi. Ka ce kilowat-awa 16 a kilo. Matsalar ita ce iskar ba ta da nauyi ko kaɗan. Doguwar tukunyar ƙarfe irin ta masu walda, mai lita 50, in an ɗura ta har matsin ba 200, abin da ke ciki bai cika kilo ɗaya ba, wajen kashi uku cikin huɗu ne na kilo, alhali tukunyar kanta sai ƙarti biyu sun ɗaga. Wato kilowat-awa 12 ke nan. Idan ɗakin sanyin yana cin kilowat biyar, tukunya guda ba za ta kai awa uku ba. Ka lissafa tukwane nawa ne daga magariba zuwa asuba.

Shi ya sa motoci suke amfani da tukwane na musamman da aka naɗe da zaren kabon, masu matsin ba 700 a ƙananan motoci, masu matsin ba 350 a bas.

Baban Ummi:
Innalillahi. Tukunya huɗu ko biyar a dare ɗaya?

Maman Sadik:
Kuma ba kowane haidirojin ba. Ƙa'idar da aka sa wa na motoci ita ce tsarkin kashi 99.97 cikin 100. Ɗan burɓushin iskar kabon monoksaid ko ƙibiritu yana manne wa filatinam ɗin ya kashe shi. Haidirojin ai ana yin sa a Najeriya da yawa, masana'antun takin zamani irin na Dangote a Legas da Indorama a Fatakwal daga iskar gas suke ciro shi su yi amoniya. Amma a cikin masana'antar yake ƙarewa, ba a kanti ake sayar da shi ba.

Auta:
Salam manya. Ni ɗalibi ne, a gafarce ni. Ba da ruwa ake yin haidirojin ba? Na ga wani yana saka ƙarafa cikin kwalba da ruwa da batir, iska tana fita, har ya jona a mota ya ce mai ya ragu. Me zai hana a haɗa kwalbar da akwatin, ruwan da akwatin ya fitar a mayar cikin kwalba, shi ke nan wuta kyauta?

Oga Garba Mai Janareta:
Ga irinta nan. Yaro, wani ya taɓa kawo mini janareta da aka yi wa wannan haɗin kwalbar, wai an ce masa zai rage shan mai. Abin da ya ragu kawai kuɗin aljihunsa ne, da murfin kwalbar da ya tashi sama ya fasa masa silin.

Maman Sadik:
Auta, tambayarka mai kyau ce, kada dariyar Baba ta hana ka sake yin wata. Raba ruwa gida biyu ta hanyar wutar lantarki gaskiya ne, haka ake yin haidirojin mai tsabta. Amma kafin ka samu kilo ɗaya sai ka kashe kilowat-awa 50 zuwa 55, sannan akwatin ya mayar maka da 16. Ka ba da goma an dawo maka da uku. Babu dabarar da za ta sa abin da ya dawo ya fi abin da ya tafi. Sannan kwalbar da ka gani tana fitar da haidirojin da oksijin a gauraye, wanda haɗi ne mai saurin fashewa ƙwarai. Na'urar gaske tana raba su, kowa da hanyarsa. Don Allah kada ka gwada a ɗakin kwana.

Sola Masta:
To nan ne ni nake cewa mu masu sola mun riga mun wuce wurin. Faranti na kilowat 10 a ranar Kano zai ba ka wajen kilowat-awa 50 a yini. Ka zuba a batirin litiyom, ka kwashi wajen 45 da dare. Ka bi ta haidirojin, ka tashi da kilo ɗaya da ƙyar, ka kwashi 16. Wane ɗan kasuwa ne zai zaɓi na biyu?

Injiniya Na-Jamus:
A kan wutar dare ɗaya, babu. Na ba ka wannan ba tare da gardama ba, duk da cewa a nan nake cin tuwo. Inda haidirojin yake da baki shi ne inda batir ya gaza: inda ake son ajiya ta makonni, ko inda abin hawa ba shi da lokacin tsayawa caji, ko inda nauyin batir zai cinye kayan da za a ɗauka. Dubi motocin ɗaga kaya a manyan rumbunan Amazon da Walmart a Amurka. Kamfanin Plug Power ya yi musu akwati daidai girman ramin batirin motar, da ƙaramin batir da tukunya duk a ciki, har da ƙarin nauyi don motar kada ta kife, tunda da ma nauyin batir ne ke riƙe ta. Ka zare batir, ka zura akwati, ka jona filogi ɗaya. Direba ya ɗura cikin 'yan mintuna ya koma aiki, dare da rana. Amma ka lura, famfon ɗurawar yana cikin rumbun. Haka babbar motar haƙar ma'adinai da kamfanin Anglo American ya gwada a mahaƙar Mogalakwena a Afirka ta Kudu a 2022, mai ɗaukar tan 290: a wurin aka tanadi yin haidirojin ɗin. Duk inda ka ga abin ya zauna, an fara gina rijiyar kafin a sayi guga.

Ɗan Maraɗi:
Injiniya, zafi fa? Nan watan Afrilu muna ganin 44, 45. Ga ƙurar hunturu.

Injiniya Na-Jamus:
Wannan ita ce tambayar da na so a yi tun farko. Irin wannan fiyul sel yana aiki ne a zafin digiri 60 zuwa 80 kacal. Injin dizal yana zubar da kaso mai yawa na zafinsa ta salansa, ruwansa kuma yana kai wajen 90. Shi kuwa wannan kusan duk zafin ta lagireto zai fita, kuma kusan kowane kilowat na wuta yana zuwa da kilowat na zafi. Idan ruwanka yana 65, iskar waje tana 45, tazarar 20 ce kawai za ka yi aiki da ita. Lagireton da ya isa a Hambug ta nan Jamus ba zai isa a Maraɗi ko Sakkwato ba, sai an ninka shi, in ba haka ba kwamfuta ta rage wuta da kanta da tsakar rana. Masu sanyaya da fanka sun fi shan wahala, don iskar da ke sanyaya su ita ce kuma ke busar da tantanin, ga iskar hunturu babu laima.

Ruwan lagireton ma ba na famfo ba ne, ba kuma koren ruwan da ake zuba wa mota ba. Yana ratsa tsakiyar jerin da ke ɗauke da ɗaruruwan bolt, don haka dole ya zama ruwan da wuta ba ta bi ta cikinsa, da matatarsa ta musamman da ake canzawa. Ranar da yaron shago ya ga ruwa ya ragu ya ɗauko fiya wata ya ƙara, ranar akwatin zai kashe kansa.

Ƙura kuwa matata tana maganinta in ana canzawa a kan kari. Abin da ya fi ƙura haɗari shi ne hayaƙi. Ka ajiye akwatin kusa da salansar janaretan maƙwabci, ya riƙa shaƙar ƙibiritun dizal, kana kashe shi a hankali ba ka sani ba.

Oga Garba Mai Janareta:
Wato ɗan gata ne. Ba ya son zafi, ba ya son ƙura, ba ya shan ruwan kowa, ba ya zama kusa da talaka. Nawa kuwa ko da gurɓataccen mai sai ya yi tari ya tashi.

Injiniya Na-Jamus:
Baba, ban musa ba. Amma ɗan gatan ba ya son canjin baƙin mai, ba shi da fistin ko ringi, kuma za ka iya yin waya a gefensa. Na san dalilin da ya sa ba ka ƙaunarsa.

Oga Garba Mai Janareta:
Ka ji ɗan nema. Zan kama ka in ka zo hutun salla.

Hajiya Admin:
A ci gaba da raha amma kada a bar maganar haɗari, don na ga Auta yana karantawa, kuma akwai masu sayar da gas a gidan nan.

Maman Sadik:
Gaskiya ne Hajiya. Haidirojin yana kamawa da wuta idan ya kai daga kashi 4 har zuwa 75 cikin 100 na iskar ɗaki, kuma ɗan tartsatsin da ba ka ma gani ya isa. Ba shi da wari, kuma ba a iya sa masa warin da ake sa wa gas ɗin girki, domin sinadarin warin na ƙibiritu ne, zai lalata filatinam. Harshen wutarsa da rana kusan ba a ganinsa. Alherinsa ɗaya: ya fi iska rashin nauyi sau 14, a fili nan da nan yake tashi sama ya watse. Gas ɗin girki ƙasa yake kwanciya, wannan kuwa rufi yake nema. Don haka tukwane a waje, iska ta samu mafita ta can ƙololuwar ɗaki, na'urar shinshina a sama ba a ƙasa ba, a saita ta ta rufe bawul tun iskar ba ta wuce kashi 1 ba. Masu cajin batirin ruwa ma su ji: kumfar da ke tashi a batir lokacin caji akwai haidirojin a cikinta, shi ya sa batir ke fashewa in an kawo tartsatsi.

Injiniya Na-Jamus:
Ƙari ɗaya, saboda na san halinmu. Kada wani ya ce tukunyar CNG, gas ɗin mota, ma ai mai matsin ba 200 ce, bari a ɗura. Haidirojin yana kutsawa cikin wasu nau'o'in ƙarfe ya sa su yi gautsi, kuma yana zurarewa ta inda sauran gas ba sa iya bi. Tukunya, regileta, bututu, har robar bakin haɗi, sai waɗanda aka yi dominsa. Salansar akwatin ma a fitar da ita waje, don duk lokacin da bawul ya tofar, da ɗan haidirojin a ciki.

Baban Ummi:
Jama'a na gode, Allah ya ƙara sani. Na kira Alhajin yanzu. Na ce masa kafin mu yi maganar akwati, ya tambayi mai sayarwar abu uku a rubuce: bolt nawa yake fitarwa kuma da mai daidaitawa a ciki ko babu, a zafin digiri nawa yake fara rage wuta, sannan wa zai riƙa kawo iskar zuwa Kano kuma nawa kilo. Ya yi shiru, sai ya ce to batirin litiyom ɗin da na yi masa lissafi bara, har yanzu farashin yana nan? Na ce Alhaji ai dala ba ta jira ka ba.

Sola Masta:
In zai saya ina da kaya a ƙasa.

Hajiya Admin:
Talla ranar Juma'a ce, Sola Masta.

Auta:
Injiniya, ƙaramin na gwaji da ka ce, mai wat ɗari biyu, shi ma sai da wayar CAN ɗin?

Injiniya Na-Jamus:
A'a, ƙananan da ɗan allonsu suke zuwa, shi ke kula da fanka da bawul. Za ka ji yana yin "fus" lokaci-lokaci, kada ka tsorata, tofarwa ce. Ka same ni ta akwatin saƙo gobe in nuna maka yadda ake auna bolt da amfiya a zana layin faɗuwarsa. Yanzu dare ya yi a nan, kuma da asuba akwai bas da ke jirana, tun jiya take ƙorafin ruwan sanyaya.